Fararen ƙwayoyin jini 22,000 bayan hatsarin mota: cuta ce ta shiga ko raunin ne kawai?

Ma'aikaciyar_Jinya:

Assalamu alaikum. Likitoci da malaman ɗakin gwaji na wannan zaure, don Allah a warware mini wata gardama da ba ta ƙarewa a sashen 'yan hatsari. Bari in kawo misali. Matashi ne lafiyayye, mota ta kaɗe shi a kan babur, ƙashin cinya ya karye amma fata ba ta fashe ba, haƙarƙari uku sun tsage, jini ya zuba a ciki. An ɗebi jininsa bayan awa uku, gwajin ƙirga ƙwayoyin jini (FBC) ya nuna fararen ƙwayoyi 22,000, kusan dukansu nutrofil, wato nau'in da ke fara yaƙar bakteriya. Washegari zafin jiki 38.3, bugun zuciya 110. Nan take sai a rabu biyu: masu cewa cuta ta shiga jini a ɗora shi kan antibiyotik, wato seftiriyazon da metronidazol, da masu cewa a dakata. Kwana na uku fararen sun sauko 9,000, kowa ya yi hamdala, alhali limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin na garkuwar jiki, 600 ne kacal, kuma ba wanda ya ko kalli wannan layin.

Me ke tura su sama haka cikin 'yan awanni? Da me ake bambanta hawan rauni da hawan cuta? Ita kuma wannan faɗuwa ta limfosait, abin damuwa ce ko a ƙyale ta?

Likitan_Jini:

Wa'alaikumus salam, Malama. Fararen ƙwayoyi 22,000 awa uku bayan hatsari ba aikin bakteriya ba ne. Ko da ƙasa ta shiga raunin, ƙwayar cuta ba ta samu lokacin hayayyafa ba tukuna. Jikin ne da kansa ya tayar da su.

A fara da sanin abin da injin yake ƙirgawa. Kusan rabin nutrofil da ke cikin jijiyoyi ba sa gudu tare da jini, suna maƙale ne a bangon ƙananan jijiyoyi, musamman a huhu da saifa, sirinji kuma ba ya ɗebo su. Kamar mai ƙirga motocin da ke kan titi ne, bai san da na cikin tasha ba. Da adiranalin, sinadarin da jiki ke saki lokacin firgici ko rauni, ya tashi, cikin mintuna sai su saki bangon su shiga jini, lamba ta yi sama ba tare da an ƙera ko guda ɗaya sabo ba. Bayan 'yan awanni kotisol (sitiroyid ɗin da jiki ke yi da kansa) da sinadaran saƙo irin su IL-6 da G-CSF su sa ɓargo ya saki ajiyarsa. Dama a kullum ɓargo yana fitar da nutrofil wajen biliyan 100, kuma abin da ke ajiye a cikinsa ya ninka na cikin jini sau da yawa. In buƙata ta yi yawa, har waɗanda ba su gama nuna ba yake sako wa, su ne ake kira band, masu nukiliyas guda a lanƙwashe da bai rarrabu ba. Ga shi kuma kotisol yana jinkirta mutuwar nutrofil, wanda a ƙa'ida ba ya daɗewa a jini. Uku kenan suka haɗu.

Dalilin da ya sa zazzaɓin da bugun zuciyar suke kama da na sefsis, wato mummunan martanin jiki ga ƙwayar cuta, shi ne ƙofa ɗaya ake bi. Tsoka da ƙashin da suka murƙushe suna zubar da kayan cikinsu a jini: DNA na mitokondiriya, gajerun furotin masu alamar fomil, HMGB1, histon. Kayan mitokondiriya sun yi kama da na bakteriya ƙwarai, nutrofil kuma da waɗannan alamomi yake gane bakteriya. A 2010 rukunin Carl Hauser a Boston suka nuna cewa waɗannan kayan suna yawo a jinin masu mummunan rauni, kuma su kaɗai, ba ƙwayar cuta ko ɗaya, suna iya tayar da nutrofil su raunata huhu. Shi ya sa ƙa'idojin gane kumburin jiki gaba ɗaya (SIRS) da aka tsara a Amurka a 1991 ba sa taimaka miki a nan: zafi sama da 38 ko ƙasa da 36, bugun zuciya sama da 90, numfashi sama da 20, fararen ƙwayoyi sama da 12,000 ko ƙasa da 4,000 ko band sama da kashi 10 cikin 100. Biyu daga ciki ake nema, kuma da wuya mai karayar cinya ya kasa cika biyu a ranar farko.

Tambayarki ta uku ita ce mai nauyi, kuma ita aka fi sakaci da ita. A cikin sa'ar farko limfosait ma hawa suke yi. An ga haka a binciken Birmingham na 2017, inda aka ɗebi jini kafin a kai majinyata asibiti, cikin sa'a ɗaya da raunin. Zuwa awa 4 zuwa 12 sun faɗi. Wasu sun fice daga jini zuwa ɓargo da ƙulluwan garkuwa da wurin raunin, wasu kuma sun mutu saboda kotisol. Iyosinofil, wani nau'in fararen, ma kan sauka kusan sifili. Faɗuwar ita kanta ba abin mamaki ba ce, kusan kowane mai babban rauni yana yin ta. Abin tsoro shi ne ƙin dawowa. Wani bincike na 2012 a Amurka ya nuna cewa waɗanda limfosait ɗinsu bai farfaɗo ba zuwa kwana na huɗu sun fi mutuwa, ko yaya lambar fararen gaba ɗaya take. Don haka 9,000 mai ɗauke da limfosait 600 a kwana na uku bai kai a yi hamdala a tashi ba. A sake gwajin a kwana na huɗu da na shida; in har yana ƙasa da 1,000, wannan majinyacin ne za a fi sa wa ido.

Kuma yawan nutrofil ba ya nufin ƙarfinsu. Bayan babban rauni, bin sawun ƙwayar cuta da kashe ta duk suna raguwa, sai dai su taru a huhu su saki sinadarai masu cin nama, abin da ke kai wa ga ARDS, wato mummunan kumburin huhu mai hana numfashi. Monosait kuma, shi ma nau'in fararen ne, yana rage alamar HLA-DR a fatarsa, wadda da ita yake nuna wa limfosait abokin gaba. A inda ake aunawa, ƙasa da kashi 30 cikin 100 ana ɗaukarsa shanyewar garkuwa. Da can ana koyar da cewa kumburi ne yake fara zuwa, bayan kwanaki sai raunin garkuwa ya biyo. Binciken 2011 kan majinyata 167 a Amurka ya rushe wannan: sama da kashi 80 cikin 100 na aikin ƙwayoyin gado a fararen ƙwayoyi ya sauya, ɓangaren kumburi ya hau, ɓangaren limfosait ya sauka, duka a lokaci guda tun awannin farko, wasu kuma ba su koma daidai ba har kwana 28. Mutum ɗaya ne jikinsa ke ci da zafi kuma yake buɗe ga kowace cuta.

Ma'aikaciyar_Jinya:

Allah ya ƙara basira, Likita. To amma a aikace, ranar da cutar gaske ta shigo, me zai nuna? Sannan akwai maganin da ake bayarwa ya ɗaga garkuwar? 'Yan'uwan majinyata suna yawan zuwa da kwalaben ƙarin garkuwa suna tambaya.

Likitan_Ƙashi:

Malama, gwaji guda ɗaya ba ya faɗin komai a mai rauni, jerin kwanaki ake karantawa. Abin da ake tsammani in lafiya ake tafiya: fararen ƙwayoyi su kai ƙololuwa a ranar farko, su fara sauka daga kwana na biyu zuwa na huɗu. CRP, gwajin jini mai nuna kumburi, yana makara, sai awa 48 zuwa 72 yake kai ƙarshen hawansa, saboda haka CRP da ya fi na jiya a kwana na biyu ba labari ba ne. Firokalsitonin, gwajin jini da ake neman cutar bakteriya da shi, inda ake da shi, yana hawa a kwana ɗaya ko biyun farko sannan ya riƙa raguwa wajen rabi a kullum. Filatilet, ƙwayoyin daskarar da jini, suna sauka zuwa kwana na uku ko na huɗu, su juyo, a mako na biyu har su wuce ƙa'ida.

Cuta tana bayyana ne da hawa na biyu. Fararen da suka sauko su sake tashi, ko su faɗi ƙasa da 4,000, wanda ya fi muni. CRP ya ƙi sauka bayan kwana na huɗu. Filatilet su ci gaba da faɗuwa maimakon juyowa. Sukari ya hau a wanda ba shi da ciwon sukari, ciki ya daina karɓar abinci, fitsari ya ragu ƙasa da mililita 0.5 kan kowane kilo a awa, buƙatar iskar oksijin ta ƙaru, ko mai magana daidai jiya ya fara ruɗewa. Waɗannan na ƙarshen ke ce za ki riga kowa gani, kuma sau da yawa suna riga takardar gwaji.

In hakan ta faru, a nemo wurin kafin a ɗauko allura. Mai karayar haƙarƙari, huhu ne na farko: zafi ya hana shi tari da jan numfashi, majina ta kwanta, daga kwana na uku ciwon huhu ya kama. Sai robar fitsari, sai kanular da ta daɗe a hannu, sai raunin kansa wajen kwana na biyar zuwa bakwai. A ɗebi jinin shuka ƙwayar cuta kafin a fara antibiyotik. A wurinmu kuma kada a tsallake gwajin maleriya, balle in an yi ƙarin jini, domin tana bin jinin da aka ƙara, kuma ita ma tana kayar da filatilet da limfosait. Zazzaɓi da ƙarancin numfashi da ruɗewa tsakanin awa 24 da 72 a mai karayar cinya, tare da ƙananan ɗigon jini a ƙirji ko hammata ko farin ido, kitsen ɓargo ne ya shiga jini, antibiyotik ba ya yi masa komai.

Misalin da kika kawo karaya ce rufaffiya, ba ta buƙatar seftiriyazon da metronidazol. Sai dai allura ɗaya kafin yanka ranar tiyata. In da ƙashin ya huda fata, lissafi ya sauya: antibiyotik sefazolin giram 2 cikin sa'a ɗaya da isowa, rigakafin tetanos, wanke rauni da cire mataccen nama a ɗakin tiyata, a tsayar da maganin cikin awa 24 da rufe raunin ko kada ya wuce awa 72. Ci gaba da shi mako biyu don tsoro ba ya hana ciwon huhu, sai dai ya tabbatar cewa ƙwayar da za ta zo ita ce wadda ba ta jin magani.

Abin da ya fi shafar aikinmu shi ne bugu na biyu. Nutrofil da rauni ya riga ya tayar yana mayar da martani fiye da kima ga duk abin da ya biyo baya, kuma doguwar tiyata da huda ɓargon cinya a zura ƙarfe babban bugu ne. Wanda ya farfaɗo sosai, an fi so a gyara masa cinyar da wuri, cikin awa 24 zuwa 36, domin kwanciya da karaya tana da nata sharrin. Ma'aunin da ake yawan amfani da shi: laktet na jini ƙasa da 4, ma'aunin tsamin jini (pH) 7.25 ko sama. Wanda bai kai nan ba, ko jikinsa ya yi sanyi, ko jini ba ya daskarewa, ko huhu ya bugu sosai, a ɗaura masa ƙarfen waje cikin gaggawa, a bar babban aikin. A irin wannan majinyaci kwana na 2 zuwa na 4 su ne mafi munin lokacin babbar tiyata, a jira wajen kwana na 5 zuwa na 10.

Maganar ɗaga garkuwa: an gwada magunguna irin su intaferon gama da GM-CSF, suna iya ɗaga HLA-DR, amma ba su zama maganin yau da kullum ga mai rauni ba. Kwalaben kasuwa kuwa asarar kuɗi ce, gara a sayi ƙwai da madara da wake. Abin da ke aiki ba shi da armashi: tsayar da zubar jini da wuri, taranekzamik asid (maganin rage zubar jini) giram 1 cikin minti 10 sannan giram 1 cikin awa 8 matuƙar ba a wuce awa 3 ba, ɗumama jiki, fara abinci ta ciki cikin awa 24 zuwa 48 da furotin giram 1.2 zuwa 2 kan kowane kilo a rana, riƙe sukari tsakanin 140 da 180 mg/dL, ɗaga kan gado digiri 30, maganin zafi mai kyau don ya iya tari, cire roba ranar da aka gama da ita, wanke hannu. Ƙarin jini shi ma yana danne garkuwa, don haka wanda jini ya tsaya masa kuma ma'aunin jininsa (Hb) ya haura 7 ba a ƙara masa don kawai lambar ta yi kyau. Deksametazon, maganin sitiroyid da ake saurin ba mai raunin kai, kuwa a daina. Gwajin CRASH na 2004, mai mutum sama da 10,000, ya nuna sitiroyid ya ƙara mace-mace a raunin kai, wajen kashi 21 cikin 100 a kan kashi 18 cikin mako biyu. Ga shi yana ɗaga nutrofil ya kayar da limfosait, ya ɓata miki karatun gwajin gaba ɗaya.

Malamin_Ɗakin_Gwaji:

Likitoci sun yi bayani, amma duk wannan karatun jerin kwanaki yana tsayawa ne kan cewa lambobin gaskiya ne, kuma ba kullum ba ne.

Jinin da aka ɗiba a hannun da ake ƙarin ruwa, sama da kanula, a tsarme yake: Hb da farare da filatilet duk su sauka tare. A ɗiba a ɗaya hannun. Ko an ɗiba daidai, wanda aka zuba wa lita uku ta ruwan gishiri lambobinsa za su sauka, wannan ba farfaɗowa ba ce. Kwalbar EDTA, wadda ake zuba jinin FBC a ciki, a cika ta zuwa layi, a juya ta a hankali sau takwas, ta iso wurinmu cikin 'yan awanni. Ɗan gudan jini a ciki ya isa ya ba da filatilet na ƙarya. A rubuta lokacin ɗiba a takarda, domin awa 2 da awa 12 bayan rauni hotuna ne daban.

Kada a karanta kaso, a karanta ainihin adadi. Limfosait kashi 6 cikin 100 na 22,000 ya kama 1,320, ba laifi. Kashi 10 cikin 100 na 6,000 kuwa 600 ne. Na biyun ya fi kyan gani a ido amma shi ne mai matsala.

Injin da ke raba farare gida uku, wanda shi ya fi yawa a ƙananan asibitoci, ba ya ware band, kuma yana cuɗa monosait da iyosinofil da basofil a layi ɗaya. In ana son ganin ƙananan nutrofil ko baƙaƙen ɗigo a cikinsu, a nemi a shafa jini a gilashi a rina da Leishman. Sai dai in ɗan saɓa wa masu dogaro da adadin band: mutum biyu za su duba gilashi ɗaya su ba da lamba daban. A ɗauke shi a matsayin akwai ko babu. Haka nan bayan zubar jini mai yawa ɓargo yana sako jajayen ƙwayoyi masu nukiliyas, ƙirgen hannu da tsofaffin injuna kuma suna lissafa su cikin farare. Gyaran: a ninka lambar da 100, a raba da 100 haɗe da yawansu a cikin farare 100. In an samu 25, to 20,000 ta koma 16,000.

Sai batun ma'aunin lafiya da ke buge a takardar, 4,000 zuwa 11,000, nutrofil daga 2,000. Yawanci daga Turawa aka samo shi. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, kuma masu wannan gado nutrofil ɗinsu na jini ƙasa yake, 1,500 ko ƙasa da haka a lafiyayyen mutum, ba tare da wata illa ba. Wanda asalinsa 1,800 ne, in ya kai 7,000 ya ninka kusan sau huɗu, amma injin ba zai sa masa alama ba. Mai sikila akasin haka ne, farare 12,000 zuwa 15,000 na iya zama zamansa na kullum. Mai HIV ko tarin fuka ko tamowa kuma yana iya shigowa da ƙarancin limfosait tun kafin hatsarin, don haka in sun ƙi dawowa, a tuna da waɗannan gwaje-gwajen.

Likitar_Tiyata:

Malam ya taɓo inda ake yawan faɗawa. In ƙara yanayi biyu da ƙa'idar da aka faɗa take sauyawa.

Wanda aka cire wa saifa, fararensa da filatilet za su hau su daɗe a sama ko babu cuta, domin wurin da ke riƙe su ya tafi. A nan kwana na biyar ake dubawa: farare sama da 15,000, kuma in aka raba filatilet da farare sakamakon bai kai 20 ba, a nemi cuta da gaske, musamman ruɓa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu da huhun wannan gefen. Filatilet 450,000 da farare 14,000 ya ba da 32, hankali ya ɗan kwanta. Filatilet 200,000 da farare 18,000 ya ba da 11, a tashi tsaye. Shi wannan raunin garkuwar na har abada ne. Yana buƙatar rigakafin nimokokas da Hib da sanƙarau wajen kwana 14 bayan tiyata, ko kafin sallama in ana tsoron ba zai dawo ba. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin sanƙarau, maleriya kuma ta fi tsanani ga marar saifa, saboda haka a gaya masa da iyalinsa a fili, a kuma rubuta masa a kati: gidan sauro kullum, kuma duk zazzaɓi asibiti ne a ranar, ba kemis ba.

Mai ƙuna sama da kashi 20 cikin 100 na fatar jiki kuwa yana iya yin makonni da zafi 38 da bugun zuciya sama da 100, wannan zamansa ne. Shi ya sa ƙungiyar likitocin ƙuna ta Amurka ta ware nata ma'auni a 2007: zafi sama da 39 ko ƙasa da 36.5, bugun zuciya sama da 110, filatilet ƙasa da 100,000 bayan kwana uku na farko, hawan sukari, da ƙin karɓar abinci. Fararen ƙwayoyi ba sa cikin jerin ma. In kuma kika ga sun faɗi a kwana na biyu ko na uku a wanda ake shafa wa man ƙuna na silba salfadayazin, an san wannan faɗuwar, yawanci tana dawowa da kanta cikin 'yan kwanaki. A sake gwajin washegari, a duba launin raunin da warinsa a lokacin canza bandeji.